Sabara a Ƙarƙashin Siminti

Ɗana ya sare mini sabara, ya sa an zuba siminti a kan kututturen, kuma ban yafe ba tukuna.

Kwana goma sha biyu na yi ba na gida. An yi mini aikin yanar ido, daga asibiti 'yata Hadiza ta wuce da ni gidanta da ke bayan Titin Ibrahim Taiwo, wai a can za a fi kula da ɗiga mini magani. Ranar da na dawo gidana na unguwar Kwaciri, ina fitowa daga soro sai na ga tsakar gida fetal, daɓe sumul tun daga bakin rijiya har ƙofar kicin. Inda sabarar take shekara da shekaru an jera tukwanen roba guda huɗu, kowace da wani jan fure irin na masu sayarwa a bakin titi. A gindin katanga kawai aka bar mini ƙasa, faɗin tabarma, inda kabewata take, wai don kada in yi fushi.

Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa. Da "kai" nake ce masa, tun da ya sauke farali na koma ce masa Alhaji. Shago gare shi a Kantin Kwari, atamfa da leshi yake sayarwa, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Da ya taso kasuwa ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi mini ya jiki, sannan ya ba ni dalili tun ban tambaya ba. Zuma ce ta harbi 'yarsa Ummi a fatar ido, fuska ta kumbura har sai da aka kai ta kemis, uwarta Rukayya ta wuni tana kuka. Ya ce itacen daji ne, ba mai ajiye shi a tsakar gida a cikin Kano, abokansa in sun shigo gaishe ni har tambayarsa suke ko magani nake haɗawa. In kuwa kabewa ce, zai sa a kawo mini daga 'Yankaba har ta cika ɗaki.

Na duba idon Ummi, da ɗan tabo har yanzu. Ban raina shi ba, jikata ce, a bayana ta yi wayo. Amma ranar na bar maganar, don abin da ke bakina ba na gaban matarsa ba ne.

Ga shi bana ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina. Hadari ya taso, ya yi baƙi, ya wuce. Kabewata ta yi yaɗo ta hau katanga, tana ta fure, amma kowace safiya sai in tsinci 'ya'yanta a ƙasa, ƙanana kamar ƙwan zabo, sun yi rawaya sun yanƙwane. Jajayen furannin nan na cikin roba kuwa ko ƙuda ba ya sauka a kansu. Da na tara 'ya'yan kabewar a tafin hannuna sai na ga na san su. Na taɓa ganin irinsu a faifai, a wannan tsakar gidan, ina da shekara goma sha bakwai.

A lokacin gidan na ƙasa ne, bayansa kududdufi, gaba kaɗan gonaki. Mijina Malam Bukar tela ne. Iyayensa mutanen Barno ne, amma a Fagge aka haife shi. Mahaifiyarsa Iya Yagana ce mai gidan, doguwa ce, ba ta da yawan magana, Hausarta ma har ta rasu da ɗan gargada. Sabarar nan a wurin suka tarar da ita lokacin da aka yanka musu filin, Iya ta hana magina su taɓa ta. Ba wata babba ba ce, ta ɗan fi mutum tsayi, ganyenta toka-toka, in ta yi fure sai ka ga ƙananan dunƙulallun furanni rawaya sun rufe ta. Tun daga ɗaki kake jin ƙugin zuma a kanta da hantsi.

Shekarar da nake da cikin Alhaji, ruwa ya makara. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake, gero ya kai gwiwa, sai sama ta bushe. Kullum da la'asar gabas ta haɗe, iska ta taso da ƙamshin ruwa, mu kwashe shanya, mu jera tukwane a bakin indararo, sai mu ga abin ya watse. Maza suka fita roƙon ruwa ba sau ɗaya ba. Zafi kuwa, in ka taka ƙasa ba takalmi da azahar sai ka yi rawa. Kududdufin bayan gida ya janye ya bar laka mai wari, ta tsattsage. Rijiyarmu sai an ƙara wa guga igiya, in ya fito rabinsa taɓo, a zuba a randa a jira ya kwanta.

Bisa al'ada gida ya kamata in tafi goyon ciki, in haihu a gaban mahaifiyata, in yi wanka a can. Sai Baba ya aiko daga ƙauyenmu, ta wajen Ɗambatta, cewa a yi haƙuri in zauna inda nake, rumbu ba komai, su ma ganyen tafasa suke ci. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A gaban Iya ɗan aiken ya faɗa.

Mu ma a birni ba daɗi. Mutane sun daina ɗinki, wanda bai ci ba ina zai tuna da riga. Malam ya wuni a gaban keken ɗinki ya dawo da abin da bai kai mudu ba. Tuwo ya koma sau ɗaya, da rana a jiƙa ƙanzo. Daga baya aka fara haɗa garin da dusa. Iya ce mai rabo, kuma nawa ya fi na kowa, saboda ciki. Wannan ban lura da shi ba sai da na girma.

Abin da Iya ta sa a gaba shi ne kabewa. Rami uku ta yi a gindin katanga tun ruwan farko, ta zuba tokar murhu da kashin awaki. Da ruwa ya ɗauke ta kafa doka: ruwan da aka yi amfani da shi a gidan nan ba ya taɓa ƙasa sai a gindin kabewa. Alwala a kan kwano ake yi. Ruwan wanke-wanke, ruwan wankin hatsi, ɗaurayar kaya, duk can. Har Malam sai da ya koyi ɗaukar kwanon alwalarsa ya kai. Kabewar kuwa ta karɓa, ta hau katanga, ta haye rumfar kicin, ganye fato-fato, ita kaɗai ce kore a layinmu in ban da ta maƙwabciyarmu Tabawa, wadda ta kwaikwayi Iya.

Ana cikin haka na haihu. Aka fara wankan jego, safe da yamma. Itace ya yi tsada, da kara da busasshen kashin shanu Iya take tafasa ruwan, ganyen darbejiya kuma Malam ke yankowa a bakin titi. Ni kuwa a garinmu da sabara mai jego take wanka, ita ake tsomawa a ruwan zafi a fyaɗa wa jiki, a dafa wani a sha don nono. Ga ta nan tsaye a gabana, ta yi fure shar, a ce sai an je titi an yanko mini darbejiya mai ɗaci. Na sa Malam ya yi mata magana. Ta ce a bari fure ya zube tukuna. Bayan kwana biyu na tambaya da kaina, ta sake cewa a bari fure ya zube.

Ban ji maganar a yadda ta faɗe ta ba. Abin da na ji shi ne: 'yar da iyayenta suka kasa karɓarta wanka, ba gara, ba ko ƙullin kanwa daga gidansu, ita ce har za ta zaɓi ganye. Na kwana da abin na tashi da shi, ga yaro yana tsotso yana saki yana kuka don nonon ba ya isarsa.

Ranar da na cika kwana ashirin Iya ta tafi ta'aziyya cikin gari. Tana fita na ɗauki lauje. Duk reshen da hannuna ya kai na sare, masu furen na fi bi, don su ne masu taushi. Na jawo duwatsun murhu har gindinta saboda inuwa, na hura wuta, na tura ɗanyun rassan a ciki, hayaƙi ya turnuƙe gidan. Zumar da ke kai ta tashi ta yi sama. Na yi wankana da sabara, na dafa na sha, kuma gaskiya na ji daɗinsa.

Da Iya ta dawo ta tsaya a bakin soro ta dubi itacen, ta dubi murhun, ta dube ni. Ta cire mayafi ta mayar da duwatsun inda suke, ɗaya bayan ɗaya. Na so ta yi faɗa, don na tanadi amsa.

Kwana uku gidan ya yi tsit da hantsi. A duk unguwar babu wani abu mai fure da ya rage, fari ya cinye, sabarar nan ce take jawo zuma, in sun gama da ita su bi ta kan kabewa. Ni ban san wannan ba. A rana ta huɗu, lokacin cin tuwo, Iya ta ajiye mini faifai a gabana maimakon kwano. 'Ya'yan kabewa ne a ciki, guda tara, ƙanana, sun yi rawaya.

Ta ce, "Ga abincinmu na watan gobe. Ki fara ci, ke ce mai jego."

Sai da ta ga hawaye sannan ta turo mini tuwon.

Washegari ana idar da sallar asuba ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce in goya yaron in fito. Ta kai ni gindin katanga ta nuna mini abin da na yi shekara goma sha bakwai ina gani ban gani ba. Furen kabewa iri biyu ne. Akwai mai dogon wuya siriri, cikinsa da ɗan tsinke mai gari rawaya, shi ne namijin. Akwai mai ɗan ƙullutu a gindi, ita ce macen, ƙullutun nan shi ne kabewar. In garin wancan bai shiga cikin wannan ba, ƙullutun zubewa yake. Ta tsinki namiji ɗaya, ta yaye masa ganyen furen, ta bar tsinken, ta goga shi a hankali a cikin macen.

Ta miƙo mini wani ta ce, "Masu yin aikin nan kyauta suke yi, kin kore su. Yanzu ke za ki yi."

Na ce ai mai jego ba ta shan iskar asuba. Ta ce a wannan zafin in na samu iskar in ɗebo mata.

Haka na fara. Furen da sassafe yake buɗewa, rana na ɗagawa ya rufe, kuma wanda ya rufe ya rufe ke nan. Na ƙasa ba wuya. Na kan katanga da rumfa sai na kifa turmi na hau, yaro a baya, hannu ɗaya riƙe da azara, ɗayan yana lalube cikin ganye. Ganyen kabewa ƙaiƙayi gare shi, hannuwana har kafaɗa suka yi ruɗu-ruɗu. Ciki ba komai sai ruwan kunun kanwa tsararo, in na ɗaga kai sama sai in ga gari yana juyawa, in rungume katanga har ya tsaya. Iya tana ƙasa tana nuni da muciya: ga wata can, kin tsallake waccan. Wadda na tsallake kuwa bayan kwana uku za ta faɗo, Iya ta tsince ta ta ɗora a kan randa inda zan gani.

Tabawa ta leƙo ta katanga ta gan ni a kan turmi, ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce yau ga zuma mai goyo, ta tambayi Iya ko ina harbi. Iya ta ce sosai ma, ta bi a hankali. Sunan ya bi ni, har matan layi in za su aiko sai su ce a gai da Zuma. Ba a yi mako ba Tabawa ta shigo ba dariya, da nata 'ya'yan kabewar a gefen zane. Iya ta ce in na gama na gida in zaga in yi nata, tunda ba zumar gidanmu kaɗai na kora ba. Na zaga. Tabawa ta riƙe mini turmi, kwana biyu ta koya, muka koma yi tare, mu gama nata mu dawo namu, tana tsokanata ina ramawa. Ita ce ta fara ba ni dariya tun da na haihu.

Sabarar kuwa na ɗauka na kashe ta. Wata rana na ɗebi ruwan alwalata zan zuba mata a ɓoye, Iya ta kama ni, ta ce in kai wa kabewa, wannan saiwarta ta fi rijiyarmu zurfi, abin da take so kawai a ƙyale ta. Kafin in yi arba'in ta fara toho a duk inda lauje ya bi, wurin reshe ɗaya uku suka fito. Aka samu yayyafi sau biyu, wanda ko ƙura bai kashe ba. Wajen wata biyu da saran, ta sake fure. Wata safiya ina kan turmi, na kai hannu cikin wata macen fure, sai na ji motsi, na janye. Zuma ce ta fito, jikinta duk gari. Iya ta gani. Ta ce in sauko, turmi na daka ne.

Ruwa bai dawo ba a shekarar. Gero a gonakin bayan gida kara kawai aka yanka. Amma rumfar kicinmu sai da Malam ya tokare ta da itace saboda nauyi. Muka ci kabewa dafaffiya da gishiri, muka ci da ƙuli-ƙuli, muka yi miya da ita, muka yi fate da ɗan garin da ya samu, muka soya 'ya'yan cikinta, har ganyen bai tsira ba. Wasu Iya ta yanyanka ta shanya. Malam yakan ɗora biyu a keke ya kai wa wata Bayarabiya a kasuwar Sabon Gari, ta ba shi garin kwaki da ɗan manja a kwalba. Na ci kabewa har tafin hannuna ya yi rawaya, na rantse in Allah ya kawo sauƙi ba ni ba ita. Nono ya kawo. Yaron da ake ƙirga haƙarƙarinsa ya yi kumatu.

Rantsuwar ban cika ta ba, na yi kaffara. Tun rasuwar Iya ban taɓa tsallake damina ban shuka kabewa ba, kuma duk wadda ta yi jego a gidan nan, har Rukayya, sai fure ya zube nake yankar mata sabara. Da na shiga makarantar manya, ina da jikoki, malamarmu ta zana fure a allo tana bayanin yadda ƙwari ke ɗaukar gari daga wannan zuwa wancan. Na ɗaga hannu na ce Malama, ni na yi aikin nan da goyo a bayana. Aji ya kwashe da dariya, suna tsammanin wasa nake.

To bana ga ni ga turmi kuma. Shekaranjiya na kifa shi zan hau, gwiwa ta ƙi. Rukayya ta fito da gudu ta riƙe ni tana haɗa ni da Allah. Na ƙasa kawai na iya yi, guda huɗu. Na sama ina kallo suka rufe.

Jiya da Alhaji ya dawo, bayan ya ci abinci, na aika a kira shi ɗakina, na ce ya turo ƙofa. Na ba shi labarin nan tun daga aiken Baba har tokare rumfa. Bai taɓa ji ba, don abin kunyata ne, ban taɓa ba wa 'ya'yana ba. Yana ta murza hularsa a gwiwa. Na ce ban ce Ummi ba ta ji ciwo ba. A kewaye wurin da waya, tsayin ƙirji, yara su daina shiga, ni zan riƙa tsaronsu da hantsi. Amma a buɗe kututturen.

Ya ce, "Hajiya, yau fa kwana goma sha shida da zuba simintin nan. Ko mene ne a ƙasa ya mutu."

Na ce, "Ni na sare ta da hannuna, na hura mata wuta, ba ta mutu ba. Kai ka fi ni mugunta ne?"

Ya yi 'yar dariya, ya ce ba haka ba ne, sabon daɓe ne, a fasa shi mutane su ce me. Ya ce in kwantar da hankalina, za a duba. Na san "za a duba" ta 'yan Kwari, ita suke gaya wa wanda ya taya atamfa rabin kuɗinta. Ita kuwa saiwa ba ta san za a duba ba, kwanakinta take ƙirgawa a cikin duhu. Na ce ya tashi ya je, Allah ya yi albarka.

Yau da na idar da asuba na zauna har gari ya waye, na yafa mayafi na fita bakin layi wajen Malam Sani mai walda, yana buɗe shago. Na ce ya ara mini guduma. Ya kawo ƙarama, na ce babbar. Ya tambaya ko ya turo wanda zai riƙe mini, na ce a'a. Na jawo ta a ƙasa har gida don ta fi ƙarfin ɗauka. Na ture tukwanen roba gefe, na auna da ido daga bakin rijiya, na ɗaure zane, na yi bisimilla na ɗaga.

Bugu na farko hannuna ne ya ji, daɓen ko gezau. A na huɗu ya tsage. Rukayya ta leƙo ta koma. Ina cikin na bakwai na ga takalman Alhaji a gefena, ya yi shirin kasuwa, farar shadda, makullin mota a hannu. Ban ɗaga kai ba. Ya daɗe a tsaye, ina bugu ina haki, ɓarɓashin siminti yana fallatsa masa a riga.

Can ya ce, "Ba nan ba ne, Hajiya." Ya taka gaba taku biyu, ya sa ƙafa a wani wuri. "Nan take."

Ya miƙo hannu zai karɓi gudumar. Na ce ya ɗauke ƙafarsa.